Tsohon ril ɗin fatsa da ba suna a jikinsa: ta ina ake gane maƙerinsa?

Tambaya: Na sayi wani tsohon ril, wato ƙarfen nan mai kama da faifai da ake naɗe zaren fatsa a kai, cikin kayan gwanjon da aka kawo daga Turai. An ce mini irin na masu kama kifi da ƙwaron gashi ne, wato ƙugiyar da aka ɗaure wa gashi ta yi kama da ƙwaro. Faɗinsa inci uku da rabi, launinsa toka-toka mai duhu, ƙafarsa, wadda ke zama a jikin sanda, ta tagulla, mariƙinsa fari ne da ya ja rawaya. Ba suna ko ɗaya a waje. Da na zare kwarkwaron sai na ga an buga lamba 14 a wuri biyu. Mai kayan ya ce ƙirar Hardy ne. Yaya zan tabbatar?

Amsa: Malam, kafin komai, ajiye man goge ƙarfe da burushin waya. Launin tokar nan da kake gani ba datti ba ne. Maƙeran Birtaniya kafin Yaƙin Duniya na Biyu sukan duhunta alminiyam da sinadari, su goge shi da baƙin garin fensir, don kada ƙyallinsa ya kori kifi. Shi ne shaidarka ta farko kan shekarun abin, kuma minti biyar na guga sun isa su tafi da shi har abada, su tafi da kaso mai yawa na kuɗinsa.

Maganar Hardy kuma, da wuya. Kamfanin Hardy na garin Alnwick a arewacin Ingila, wanda aka kafa a 1872, ba ya wasa da sunansa. Yana buga shi a bayan ril ɗinsa, sau da yawa har da sunan samfurin da girmansa. Ril ɗin da ya zo fayau babu rubutu, aka ce maka Hardy ne, to mai faɗar ne ya kamata ya kawo hujja. Abin da ya fi yawa a kasuwa shi ne kayan da masu tarawa ke kira kayan sari. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa tsakiyar na 20, 'yan tsirarun masana'antu ne ke ƙera ril, amma shagunan da ke sayarwa ɗaruruwa ne. Shago zai yi odar dozin-dozin, idan ya so a buga masa sunansa, idan bai so ƙarin kuɗin bugu ba a kawo masa haka nan. Don haka ko da ka ga suna a waje, sau da yawa na mai shago ne. Maƙerin yana ciki, a yadda ya yanka sifirin, yadda ya ɗaura ƙafa, da irin sukurun da ya saba amfani da shi.

Fara da awo, ka rubuta komai. Samo ma'aunin kauri mai baki biyu irin na makanikai, ka auna faɗin bangon baya, faɗin kwarkwaro tsakanin bangayensa biyu, tsawon ƙafa, da nauyin ril ɗin a sikelin kicin. Turawan Ingila da inci da kashi-takwas na inci suke aiki: inci 3, 3 da kwata, 3 da rabi, ko irin 2 7/8, 3 1/8, 3 3/8 da 3 5/8 da aka san samfurin Perfect na Hardy da su. Amurkawa kuwa sun fi buga yawan yadin zaren da ril ke ɗauka a ƙarƙashin ƙafa: 40, 60, 80, 100. Idan ka juya ƙafa ka ga 60 ita kaɗai, ba shekarar 1960 ba ce, yadi sittin ake nufi, kuma ka doshi Amurka ke nan. Idan awon ya ƙi zama daidai a inci amma ya faɗa cif a milimita, kamar 80 ko 85, sai ka fara tunanin Japan, Faransa ko Jamus.

Sai ƙarfen jiki. Ril ɗin tagulla zalla, mai nauyi, mai hannu kamar na injin niƙa, galibi na ƙarni na 19 ne, ko da yake an ci gaba da yin masu araha har bayan 1900. Alminiyam bai yi arha ba sai bayan da aka gano hanyar tace shi da lantarki a 1886, shi ya sa ba ka ganinsa sosai a ril sai daga shekarun 1890. Baƙin bango mai santsi da aka zagaye da farin ƙarfe mai ɗan ɗumin launi, wannan busasshiyar roba ce da gaurayen jan ƙarfe, nikel da zinki, wanda ake kira azurfar Jamus duk da ba ɗigon azurfa a cikinsa. Salon New York ne, na gidan Edward vom Hofe da Julius vom Hofe da masu kwaikwayonsu. Gwajinsa mai sauƙi ne: murza bangon da babban yatsa har ya yi ɗumi ka sansana. Busasshiyar roba warin farar wuta take yi, kamar tsohuwar taya. Bakelait, wani tsohon filastik mai tauri wanda bai shigo kasuwa ba sai wajen 1910, warin magani yake yi mai kaifi. Kada ka wanke busasshiyar roba da ruwan zafi, nan take za ta koma ruwan ƙasa.

Duba cikin firam da madubin masu gyaran agogo, hasken tocila na zuwa daga gefe. Idan ka ga siraran layuka zagaye-zagaye kamar na faifan garmaho, an zuba ƙarfen ne sannan aka sassaƙe shi a injin juyi, aikin hannu na ƙananan masana'antu. Idan kuwa ka ga siririn layin da ya raba jikin biyu da wasu ƙananan da'irori masu santsi inda ƙusoshin mazubi suka turo shi waje, zubin inji ne na kayan dubbai, wanda ya yawaita daga shekarun 1930 zuwa sama. Irin wannan idan na zinki ne za ka ji ya yi nauyi fiye da girmansa, domin zinki ya ninka alminiyam nauyi fiye da sau biyu da rabi, kuma tsohonsa yakan tsattsage da kansa. Akwai kuma na falle, wanda aka buga daga farantin ƙarfe aka huhhuda shi har ya zama kamar ƙwarangwal. Wannan aikin Amurkawa ne: Meisselbach na Newark, Hendryx na New Haven, da Pflueger na Akron sun yi su bila adadin, yawancinsu ba suna ko kuma da sunan shago.

Mariƙi yana ba da labari shi ma. Ƙaho yana da zare-zare a jikinsa, kuma ƙwari na cinsa. Ƙashi yana da ƙananan ɗige-ɗige baƙaƙe. Hauren giwa na gaske, idan ka dubi kansa, za ka ga layuka sun gitta juna kamar saƙar raga. Fari mai jan rawaya irin naka, mafi yawa seluloyid ne, wani tsohon filastik da aka yi don ya kwaikwayi haure. Murza shi, idan ya yi ƙamshin kafur to shi ne. Wasu na cewa a soka masa allura mai zafi. Kul. Seluloyid kamar fetur yake kama wuta.

Yanzu ga inda aikin yake. Buɗe ril ɗin a kan farin tawul don kada ƙaramin abu ya gangara, ka ɗauki hoto kafin ka taɓa kowane sashe. Sukudirebanka ya cika bakin sukurun daidai, faɗi da kauri. Idan bai cika ba, goge shi da magagari har ya cika, domin tsohuwar tagulla laushi gare ta, zamewa ɗaya ta ɓata kai. Sukurun da ya ƙi motsi, ɗiga masa kananzir ka bar shi ya kwana. Kuma ka sani wasu sukurorin tsakiya zarensu na hagu ne, musamman a ril masu tsarin Perfect: wanda ya dage yana murɗawa ta inda ya saba, ƙara ɗaurewa yake yi har ya karye. Tsohon giris da ya daskare, kananzir da burushin goge baki mai laushi sun wadatar. A ƙarƙashinsa ne ake samun alamomin da aka daɗe ba a gani ba.

Lambar 14 ɗinka da ta fito sau biyu, a firam da kuma bayan kwarkwaro, ba shekara ba ce, ba kuma lambar samfuri ba. Lambar haɗi ce. Ma'aikaci yakan ɗauki rukunin ril, ya daidaita kowane kwarkwaro da firam ɗinsa da hannu, sai ya buga musu lamba guda don kada su cakuɗe lokacin da aka kai su rini. Amfaninta biyu: ta nuna aikin hannu ne, ta kuma tabbatar kwarkwaron nasa ne na asali. Da lambobin sun saɓa, da an yi masa aure da kayan wani. Abin nema shi ne ko akwai harafi kusa da lambar. Harafin D tare da lamba alama ce da aka san W.H. Dingley da ita, wanda ya yi aiki a Hardy kafin ya buɗe tasa masana'antar a nan Alnwick, ya riƙa yi wa shaguna kaya. Ma'aikatan Hardy su kuma haruffan farkon sunayensu suke bugawa, biyu ko uku. Amma haruffa kaɗai ba sa mayar da ril ya zama Hardy. Mai gyara ma yakan sa nasa, mai kaya ma yakan ƙarce nasa da wuƙa. Bugun masana'anta yana da zurfi iri ɗaya, gefensa ya tsufa tare da sauran jikin.

Daga nan ka zauna da na'urar ƙara, wato giyar da ke bayan kwarkwaro, da ɗan harshen da ke ƙas-ƙas a haƙoranta, da sifirin ɗin da ke danne shi. Wannan ita ce sa hannun maƙeri, domin mai saye ba ya ganinta, saboda haka ba wanda ya damu ya sauya ta don faranta wa shago. Tsari mafi tsufa shi ne sifirin mai zobe, wanda ya kusa zagaye cikin firam, bakinsa biyu suna riƙe da harshe ɗaya a tsakiya. An yi amfani da shi tun zamanin tagulla, aka ci gaba da shi a kayan sari har shekarun 1930. Sai sifirin mai lanƙwasa kamar gwafa, ƙafa ɗaya a kan harshe, ɗaya a kan wani ɗan ƙarfe da sukurun gefen ril ke turawa don ƙara ko rage tauri. Sai mai harshe biyu da sifirin biyu, ɗaya na aiki ɗaya na ajiya, wanda Hardy ta yaɗa daga farkon shekarun 1920 kowa ya kwaikwaya. Abin dubawa ba irin tsarin kaɗai ba ne. Ƙirga haƙoran giya. Dubi siffar harshen: mai kusurwa uku ne, dogo ne, ramin tsakiyarsa zagaye ne ko tsaga? Sifirin da ribit aka kama shi, ko da sukuru, ko rataye yake a kan ɗan turke? Giyar ƙarfe ce ko tagulla, da ƙusoshi nawa aka kafe ta? Maganaɗisu zai gaya maka ko ƙarfe ce. Masana'antu biyu na iya yin ril da suka yi kama kamar tagwaye daga waje, amma da wuya su yi daidai a waɗannan ƙananan abubuwa duka.

Makullin kwarkwaro shi ne na biyu a daraja. Akwai sukuru guda babba mai tsagar da kwabo ke shiga. Akwai mai siffar kofaton doki. Akwai wanda masu tarawa ke kira makullin tarho don ya yi kama da kan tsohuwar wayar tarho, ana yawan ganinsa a kayan Dingley, amma Hardy ma ta sa shi a wasu samfuran Uniqua, don haka shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Sai murfi zagaye mai sukuru biyu ko uku da ɗan hannu na leƙowa, wanda ya zama ruwan dare daga shekarun 1930.

Ƙafa kuwa, mutane na raina ta. Tagulla mai santsi da aka kafe da ribit ta fi tsufa. Tagulla mai zane-zanen tsagi a ƙasa ta zo daga baya. Alminiyam ko ƙarfe mai ruwan kurom da sukurori biyu, galibi bayan yaƙi ne. Sai dai a nan ake yawan ruɗewa, domin masu fatsa sukan goge ƙafa da magagari ta shiga mazaunin sabuwar sanda, wasu su sauya ta ɗungurum. Idan ka ga ramukan da ba komai a cikinsu, ko launin ƙarƙashin ƙafar bai dace da inuwar da ta bari a firam ba, cire ta daga lissafi.

Akwai gwajin da kaɗan ne ke yi, alhali ya fi yawancin sauran ƙarfi wajen gane ƙasa: zaren sukuru. Zare ƙaramin sukuru ɗaya na ginshiƙi ko na murfi, ka auna kaurinsa, ka ƙirga zarensa. Birtaniya a kayan ƙanana ta fi amfani da tsarin BA. Mai lamba 6 kaurinsa milimita 2.8, tazarar zarensa 0.53. Na Amurka mai kama da shi, 4-40, kaurinsa kusan ɗaya ne, amma zare 40 ne a inci, wato tazarar 0.635. Na mita, M3, kauri 3 tazara 0.5, sai dai tsohon ma'aunin Japan kafin ƙarshen shekarun 1960 tazarar 0.6 yake ba M3. A tsawon milimita 5 ke nan za ka ƙirga zare tara da ɗoriya a 6BA, kusan takwas a 4-40, goma cif a M3. Kada ka gwada ta hanyar cusa sabon noti da ƙarfi. Zai shiga zagaye biyu ya cije, ya lalata zaren da ba za ka samu madadinsa ba. Ka tuna kuma Ingila na da Whitworth na inci 1/8 mai zare 40, wanda kan rikita mutum da na Amurka, sai dai ya fi kauri, milimita 3.2 ne. Sukuru mai kan gicciye, idan na asali ne, ya nuna ril ɗin bai riga ƙarshen shekarun 1930 ba, kuma a aikace mafi yawansu na bayan 1950 ne.

Ka zagaya ko'ina da tocila kana neman guntun rubutu: gefen ƙafa, ƙarƙashinta, bayan mariƙi, cikin murfi. Tun 1891 dokar Amurka ta wajabta sa sunan ƙasa a kayan da aka shigo da su, shi ya sa ril da yawa ba sunan kamfani amma akwai "England" ko "Japan" ƙanana a ƙafa. Wasu takarda aka manna musu, ta ɓare tuntuni. Tabon gam mai siffar ƙwai a bangon baya yakan nuna hakan, kuma an fi ganinsa a kayan Japan na shekarun 1960 da 1970, lokacin da suka cika kasuwa da kwafin Medalist na Pflueger da Lightweight na Hardy. Idan ka ci sa'a ka ga lambar rajistar ƙirƙira, aiki ya ƙare rabi. A Amurka lamba ta kai miliyan ɗaya a 1911, miliyan biyu a 1935, miliyan uku a 1961, kuma ana samun takardun a intanet da zane da sunan mai ƙirƙirar. A Birtaniya "Rd" da lamba rajistar zane ce, tsarin da ya fara a 1884. Amma kwanan rajista yana nuna cewa ril bai riga wannan rana ba ne kawai. Ana iya ci gaba da buga kwanan shekara talatin.

Idan ka tara wannan duka, sai kwatance. Hanyar ita ce ka nemo ril mai suna wanda cikinsa ya zo daidai da naka. Tsoffin katalog na shaguna suna taimakawa wajen siffar waje da girma, amma zane ne, ba sa nuna ciki, kuma shaguna kan yi shekaru suna maimaita tsohon zane. Hotunan gidajen gwanjon kayan fatsa sun fi amfani tunda sukan buɗe ril su ɗauka. Ƙungiyar masu tara tsoffin ril ta ORCA a Amurka da gidan tarihin fatsar ƙwaron gashi da ke Manchester a jihar Vermont suna da tarin bayanai. Duk wanda za ka tura wa, ba shi hoto shida: gaba, baya, gefe, ƙarƙashin ƙafa, cikin firam, bayan kwarkwaro, da rula a kusa. Ƙa'idar da nake ganin ta fi tsare mutum daga yaudarar kai: abu ɗaya da ya dace ba komai ba ne, uku na ciki da suka dace sun isa a ce "mai yiwuwa", abu ɗaya na asali da ya saɓa kuwa ya rushe duka. Dalili shi ne masana'antun garuruwan Redditch da Birmingham na Ingila maƙwabta ne, ma'aikata na tashi daga wannan zuwa waccan da dabarunsu, kuma ƙananan kaya irin mariƙi da zoben aƙiƙ da zare ke bi ta ciki ana iya sayo su daga dillali guda.

A kan naka, ga abin da bayaninka ya bayar. Inci uku da rabi, alminiyam mai rinin toka, ƙafar tagulla, mariƙi mai kama da haure, lambar haɗi a wuri biyu: ɗan Birtaniya ne na sari, tsakanin wajen 1910 da ƙarshen shekarun 1930, girman da ake kama babban tirawut da shi, wani kifin ruwan sanyi. Wanda za a fara zargi shi ne J.W. Young na Redditch, domin kafin yaƙi yawancin aikinsa na shaguna ne da kamfanoni irin su Allcock da Milward, sai bayan yaƙi ya fito da nasa sunayen, Beaudex da Pridex da sauransu. Bayansa Dingley, idan D ta fito a ƙarƙashin giris, sai Reuben Heaton ko Smith & Wall na Birmingham. Wanke cikin da kananzir, ka duba gefen lambar 14 ɗin da kyau, ka ƙirga haƙoran giya, ka ɗauki hoton sifirin da makulli. Bayan ka gama, ɗigo biyu na man keken ɗinki a kan sandar tsakiya da ɗan giris a haƙora sun ishe shi. Idan za ka sayar kafin kwatancen ya kammala, rubuta "ɗan Ingila, kafin yaƙi, ba suna", ka sa awon da hotunan ciki.